Sawu a Kan Noti

Ban gama buɗe shago ba na ji hayaniya ta tashi daga rumfar mijina. A garejinmu hayaniya ba abin waiwaye ba ce, don makanikai ko gaisuwa suke yi sai ka ɗauka faɗa ne. Amma wannan muryar Mai Koriya ce, kuma yana jifan Dogo, mijin nawa, da kalmomin da ba zan maimaita ba. Na ajiye tiren noti a kan benci na nufi can.

Mai Koriya shi ne mai tsohuwar motar nan koriya da ta daɗe a rumfar Dogo ana haɗa injinta. Ta mahaifinsa ce, ta girme ni, kuma irin son da yake yi mata ban tabbata matarsa tana samun rabinsa ba. Ranar ce za a tada ta, shi ya sa ya yi sammako. Abin da ya tarar shi ne bonet a buɗe, an sauke kan injin da aka ɗaure jiya a gabansa, ga Dogo riƙe da injin huda ya saita shi a ramin noti. Cikin kowane rami akwai haƙora masu zagaye da noti ke kamawa. In sun zube, noti sai ya yi ta juyawa a banza, kan inji ba zai zauna ba. Ramuka huɗu ne haƙoransu suka zube.

Aka tambayi Dogo wa ya yi wannan aiki. Ya ce zai gyara. Aka ce ba maganar gyara ake yi ba. Ya sake cewa zai gyara, ya ajiye injin huda.

Kafin rana ta take, gareji ya gama shari'arsa. An ga Dillali, mai sayen tsofaffin motoci, yana zagaya koriyar. An gan shi yana shan shayi da Dogo. To me ya rage? Dogo ya lalata injin don mai motar ya gaji ya sayar da ita a matsayin tarkacen ƙarfe. Masu faɗin haka jiya ma da Dogo suka ci abinci a kwano ɗaya.

Garejinmu yana da doka guda da ba a yi mata kwana: duk wanda ya ɓata motar jama'a a ɓoye, ya kwashe kayansa ya bar rumfa. Wanda ya kafa dokar shi ne shugaban gareji, wato mahaifina. Baba ne ya koya wa Dogo aiki tun bai san baya da gaban sifana ba, shi ya ba shi rumfar, daga baya ya haɗa masa da ni. Ya saurari Mai Koriya har ya gama, ya ce gobe bayan an tashi aiki za a zauna. Bai kalli inda nake ba. Mu kuwa da rumfar nan muke ci, da ita yara ke karatu, kuma makanikin da aka kora da irin wannan suna ko keken ɗinki ba mai sake kawo masa.

*

Na je na ɗauko Mai Sawu. Ɗan goggona ne, tun muna yara muke tsokanar juna har yau ba wanda ya gaji. Da can sawun dabbobin sata yake bi. Yanzu babura da janareto yake nemo wa mutane, amma sunan ya bi shi. Bai san komai a kan inji ba. Ya ce zai zo ne kawai don bai taɓa jin ɓarawon da ya saci haƙora ya bar mota ba.

Ya tsaya a bakin rumfa ya kalli ƙasa, ya ja tsaki. Ya ce mun tattake wurin kamar garken shanu a mashaya, ko giwa ce ta shigo ba zai iya rantsewa ba. Sai ya leƙa cikin bonet, hannuwa a baya, kamar mai duba marar lafiyar da bai sani ba. Can ya tambaye ni mene ne wannan rawayan fenti a kan kowane noti.

Na yi masa bayani. Injin koriyar na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, ba ya son ƙarfin tuwo. Dogo yana ɗaure shi da sifana mai awo, wadda take yin ƙas in noti ya kai iyakarsa. Da ta yi ƙas sai ya ja layin fenti daga kan notin zuwa jikin inji, don ya san ya gama da wannan.

"To, Uwar Noti, mijinki hannunsa rawa yake yi ne?" in ji shi. "Layin nan ba wanda ya haɗu da ɗan'uwansa."

Na duba. Gaskiyarsa. Notin da Dogo bai kwance ba, na gefe da na murfi, duk layinsu ya goce. Rabin da ke kan noti ya wuce rabin da ke jikin inji, kuma duk gefe ɗaya suka wuce, gefen ɗauri. Mai Sawu ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya leƙa na ƙarƙashi, su ma haka. Ya tashi yana kakkaɓe jiki, idonsa na ƙyalli irin na yaron da aka ba sabon abin wasa. Ya ce mai son ɓarna ba ya da lokacin bin kowane noti har na ƙasa da sai an durƙusa. Wannan mutum ƙara ɗauri ya zo yi, kuma bai tsallake ko ɗaya ba.

Sannan ya nuna mini abin da ni mai sayar da noti ban gani ba. A kusurwar kowane noti akwai ɗan cizo ƙarami, kamar inda ɓera ya ɗanɗana sabulu. Cizon a kan fenti yake, ke nan bayan Dogo ya gama aka yi shi. Ya ce sifanar da ta yi wannan tana da giɓi a baki. Ya aike ni in sayo masa sabulu, na ce ai gara, tun ɗazu nake jin kunyar faɗa masa yana bukatar wanka.

Ya bi sifanonin Dogo ɗaya bayan ɗaya yana danna bakinsu a jikin sabulun. Ba wadda ta bar irin cizon. Na yi ajiyar zuciya, ya ce in mayar da ita, mutum yana iya jefa sifana bayan katanga.

*

Dillali muka fara samu, yana zaune a inuwa yana goge takalminsa da hankici. Bai ɓoye ba, ya ce yana son koriyar kamar ransa. Amma yana sonta tana tafiya, don tsohuwar mota in ba da injinta na asali ba ai akwatin kaji ce. Shayin da suka sha da Dogo kuwa, motar matarsa ce ke wani kuka in an taka burki. Suna cikin hira Mai Sawu ya miƙa masa wani noti da ya tsinta, ya ce ya taimaka ya ɗaure masa shi a jikin ƙarfen da yake shiga, yatsansa na ciwo. Dillali ya yi ta murzawa ta baya har abin ya faɗi ƙasa. Da muka tashi Mai Sawu ya ce wannan ko murfin kwalba sai an buɗe masa.

Gajere ya fi ba mu aiki. Rumfarsa tana manne da ta Dogo, kuma kowa ya san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan tamu don tana bakin ƙofa, ga inuwa. Mai Sawu ya ga farin garin ƙarfe a takalminsa tun kafin mu zauna. Na ce a raina an gama. Gajere ya lura da inda muke kallo, ya jawo tukunyar matarsa daga ƙarƙashin benci ya dire a gabanmu, hannunta yake gogewa tun safe. Ya zube sifanoninsa da kansa, ya ce a danna su a sabulu, in an gama a ba shi sabulun. Babu mai giɓi.

Sai dai ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce shi ba ya son Dogo, ba ya kuma yi masa ƙarya, amma wajen shekara biyu ke nan Dogo ke riga kowa zuwa gareji, ya saki labulen tamfol, a riƙa jin injin huda yana aiki. Ni na san yana fita da wuri. Ban san da labule ba.

Mai gadi ya rantse cewa bayan an tashi aiki jiya ba kowa da ya shiga. Mai Sawu ya gode masa sosai. Da muka yi nisa ya ce da ni, in mai gadi ya ce ba kowa, ba baƙo yake nufi. Akwai mutanen da ido ya saba da su har ya daina ƙirga su.

A gida na tasa Dogo a gaba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira masa sunan yaransa ɗaya bayan ɗaya. Ya ci abincinsa ya wanke hannu, ya ce in yi wa Allah in sallami ɗan'uwana. In an kore shi zai samu wani wurin. Na ce wane wurin, da wane suna? Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba.

*

Washegari Mai Sawu ya zo shagona yana taɓe-taɓe, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ɗauko wata 'yar murɗaɗɗiyar waya daga kwali ya ce wannan kuma zoben wace amarya ce. Na ce zoben gyaran haƙora ne. In ramin noti ya cinye, sai a ɗan faɗaɗa shi da injin huda, a shafa wa ƙarfen yanka haƙora giris don ya kwashe garin, a yanka sababbi a hankali, ana shiga ana dawowa. Sannan a murɗa zoben ya zauna ciki. Notin da ya ƙi kamawa sai ya kama, har ya fi da ƙarfi.

Ya ce ashe huda ramin gyara ne, ba ɓarna ba. Na ce kowane makaniki ya san haka, fushi ne ya hana su tunawa. Ya tambaya wa ya fi sayen zoben. Na buɗe baki in ce kowa, sai na rufe. Dogo ne. Yana ɗibarsu kamar gyaɗa, ni kuma na ɗauka don tsofaffin motoci ake kawo masa. Mai Sawu ya tambaya ko haka yake tun da. Na ce a'a, wajen shekara biyu ne.

Ya jefa zoben sama ya cafe. Ya ce ke nan ba wannan ne karo na farko ba. Akwai mai ƙara ɗauri da yamma, akwai mai gyarawa da safe, kuma mai gyarawar ya san mai ɗaurin.

Ya ce bari ya je ya gaida Kawu, wato Baba, tun jiya bai samu zama da shi ba. Daga ƙofar shago ina hango su. Baba yana kan kujerarsa ta ƙarfe, tsohuwar sifanarsa a jingine da ƙafar kujerar, irin mai buɗe baki da rufewa da ke kama kowane noti. Tun zamanin da yake gyaran manyan motocin kaya yake tare da ita. Na ga Mai Sawu ya ɗauka yana juyawa, Baba yana ba shi labarinta yana dariya.

Ya dawo bai tsokane ni ba. Sabulun yana aljihunsa, bai fito da shi ba. Ya zauna a bencina ya daɗe yana kallon titi.

"'Yar Kawu," ya ce, rabon da ya kira ni haka har na manta, "kina so in ƙarasa, ko in koma gida?"

Na kalli rumfarmu, na ce ya ƙarasa.

*

Bayan an tashi aiki aka jera benci a gaban rumfar Dogo. Baba a tsakiya, Mai Koriya a gefe yana karkaɗa ƙafa, Dillali da Gajere da mai gadi, sauran makanikai a tsaye cirko-cirko. Dogo ya zauna a kan tsohuwar taya, kansa a ƙasa.

Mai Sawu ya nemi izini ya ce shi baƙo ne a harkar ƙarfe, yana so a nuna masa abu ɗaya kafin a yanke hukunci. Ya sa aka jawo wani mataccen injin alminiyam daga bayan gareji aka ɗora a teburi. Ya ce duk wanda ake zargi ya ɗaure noti ɗaya yadda ya saba. Dillali ya yi nasa, aka yi dariya. Gajere ya yi. Dogo ya ɗago ya kalli Mai Sawu, wani irin kallo na roƙo, sannan ya ɗaure nasa da sifana mai awo har ta yi ƙas.

"Kawu, ni ban san mai kyau ba," in ji Mai Sawu. "Duba mana ko sun ɗauru."

Baba ya miƙe da jin daɗi, don ba abin da yake so irin a ce ya duba. Ya ɗauki sifanarsa, ya zaro wani bututu daga ƙarƙashin kujera ya zura a hannunta. Ya ce da can ba ya bukatar bututu, yanzu ne damtse ya fara yi masa gardama. Ya ɗora a notin Dogo, ya ce yaran yanzu sun dogara da sifanar da ke yi musu magana, shi kuwa noti sai ya ji shi a kafaɗa. Ya ja. Notin ya matsa. Ya ƙara ja, sai kawai abin ya saki, sifana ta tafi sululu kamar an sa cokali a kunu.

Baba ya ce ramin ya gaji ne, ya koma kan na Gajere. Ya ja, ya ƙara, shi ma ya saki.

Ya tsaya riƙe da bututun. Mai Sawu ya ɗauko noti ɗaya na koriyar mai rawayan fenti ya ajiye kusa da wanda Baba ya ja yanzu. Baba ya kai su kusa da idonsa, ya shafa kusurwarsu da babban yatsa, cizon iri ɗaya ne, sannan ya shafa bakin sifanarsa. Ya daɗe yana shafawa.

Da ya yi magana, da Dogo ya yi. Ya ce tun Dogo yana koyo yake bin bayansa in an tashi aiki, yana ƙara wa notinsa ɗauri don kada a dawo da mota a ce yaronsa ya yi sakaci. Bai taɓa faɗa ba don kada ya karya masa gwiwa. Kwanan baya yakan ji wasu sun yi laushi a hannunsa, sai ya ce a ransa yaron nan ya fara wasa da aiki.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da ka fara sa bututu, Baba. Da can ba sa zubewa. Nakan zo da safe in duba, wanda ya saki in sa masa zobe."

"Da na kore ka yau fa?"

"Da na tafi."

"Da ka tafi," in ji Baba, "ka bar ni in mutu ina cewa na rena maɓarnaci na ba shi 'yata. Kana ganin wannan ne sauƙin da ka yi mini?"

Dogo ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

Baba ya juya ga Mai Koriya ya ce hannunsa ne ya ɓata injin, ba na Dogo ba, kuma Dogo zai mayar da ramukan nan su fi yadda suke. Mai Koriya, wanda tun jiya bakinsa bai huta ba, ya ce ba komai, a bar maganar. Gajere ma ya ce ai kuskure ne. Baba ya ce ba kuskure dokar ta ambata ba, ta ce a ɓoye, kuma shi a ɓoye ya yi. Rumfa ta Dogo ce. Gobe su zaɓi wanda zai zauna a kujerar shugaban gareji.

Aka taso masa da magiya, kowa na faɗin tasa. Ya ɗaga hannu suka yi shiru, don ba su saba yi masa musu ba, yau ma ba su iya ba. Ya nufi ƙofar gareji, na bi shi da gudu na tarar da shi a bakin titi yana jiran motoci su wuce. Sai a lokacin na ga yadda rigar aikinsa ta yi masa yawa.

"Ke kika kira ɗan goggonki?" ya ce.

"Ni ce, Baba."

"Kin kyauta. Da ni ne ma haka zan yi. Koma ki rufe shago, kin bar kaya a waje."

Na ce in raka shi gida. Ya ce ya san hanya. Na tsaya ina kallonsa har ya tsallaka, hawaye na zuba ban damu da masu wucewa ba. Da na dawo, Mai Sawu ya riga ya tafi ba sallama, Dogo kuma yana zaune shi kaɗai a rumfar da na ceto masa. Na zauna kusa da shi, ya ɗan matsa ya ba ni wuri, amma bai kalle ni ba.